Baka Biyu da Kafaɗar Buba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya sanya taushi a cikin itace mai tauri, ya kuma koya wa hannu inda zai tsaya.

Ku samarin da kuke tsayawa a bakin rumfata a Barade, kuna nuna mini hotunan baka a waya, kuna cewa na zamani ba ya bukatar gwani, mutum ya saya kawai ya ɗana ya saki, ku samu benci ku zauna. Sunana Iliya, amma Iliya mai baka aka fi sani. Fatauci ne ya kawo kakana Jalingo daga Zariya, bai koma ba. Karatuna na allo ne, har yau kuma da ajami nake ƙona sunan mutum a jikin bakansa da jan ƙarfe.

Aikin farko da maigidana Malam Tanko ya ba ni shi ne kankare sandar dargaza da fasasshiyar kwalba. Gizago yana rataye a gabana, amma bai bar ni na taɓa shi ba sai da gemu ya fara fito mini. Da rani ake sare dargaza, a shanya ta a inuwa, don rana tana tsaga ta. In ta bushe a kankare, a shafa man kaɗanya, a gasa a kan garwashi kaɗan-kaɗan ana lanƙwasawa da gwiwa. Tsirkiya kuwa fatar gada ce, a yanka ta siririya, a jiƙa, a murɗa, a rataye ta da dutse a ƙasa har ta miƙe. Kibiya kyauro ne, a ɗaure masa kan ƙarfe da jijiya. Duk wannan za ku iya koya da ido. Abin da ba a koya da ido shi ne kuka. Maharbi ba ya karɓar baka sai ya ja tsirkiya ya sake ta babu kibiya, ya karkata kunne ya saurara. In ta yi amo mai zurfi, ya karɓa. In ta yi amon fasasshiyar ƙwarya, ya ajiye maka abinka ya tafi, ko sallama babu. Haka muka tarar. Maharbi ko bakan wani ya gani jingine a bango, sai ya ɗauka ya ji kukansa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekarar da daji ya rufe ita ce ta kusa tashe ni daga sana'a. Masu satar mutane suka hau duwatsu, manomi bai iya kwana a gona, balle maharbi ya bi sawu. Maharban da na sani suka rataye baka, suka sayi bindigar toka, suka shiga banga. Wata ya fito ya faɗi, wani ya fito, ba wanda ya tambaye ni ko tsirkiya. Damin kyauron da na tara gara ta cinye shi tas. Sai na tsallaka titi wajen maƙwabcina mai gyaran keke, da furfurata, na ce ya koya mini. Na zauna ina ɗaure wayoyin ƙafa, ina zura wayar birki, ina wanke boris da kananzir. A nan na san alan-ki, ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake kwance kusoshi masu rami da shi. Mutane suna wucewa suna cewa Iliya mai baka ya koma Iliya mai faci. Na ce alhamdu lillahi, tuwo dai bai yanke a gida ba. Ashe hannu Allah yake shirya mini.

Baka mai taya na farko da na gani, a cikin buhu aka kawo mini shi, a karye. Na wani maharbi ne daga Mayo Gwoi, ƙaninsa ya aiko masa daga Legas lokacin da daji ya fara buɗewa. Ya fito da shi daga kwali, ya yi abin da kowane maharbi zai yi, ya ja ya saki babu kibiya don ya ji kuka. Ya kuwa ji. Tsirkiya ta fice ta tsaga masa damtse, taya ɗaya ta lanƙwashe, reshen bakan na sama ya tsage. Na gaya masa gaskiya wannan ya wuce gyara, ya bar mini shi. Ranar abincina a gefena ya huce. Na warware shi gaba ɗaya a kan tabarma, ina juyawa ina dariya ni kaɗai. Ga taya, ga waya, ga boris, ga kusoshin alan-ki. Keke ne aka aurar wa baka, ni kuwa na san dangin kowannensu.

Ga abin da na gano. Bakanmu na itace, iya janka iya taurinsa, in ka kai ƙarshe hannu yana rawa, dole ka saki da wuri. Mai taya kuwa a farko yake da tauri, kamar kana tura keke a hawan tudu. Kana wuce tudun sai tayoyin su juya, nauyin ya faɗi, ka riƙe shi kana numfashinka kana jiran gada ta fito daga bayan geza. Amma ƙarfin da ya tara dole ya sami kibiyar da zai zuba wa, in babu, kansa zai ci. Kyauro ma ba ya ɗaukarsa, tarwatsewa yake yi a hannu, sai kibiyarsa ta musamman. Akwai kusoshi biyu da ake rage masa ƙarfi da su, akwai tsinken saiti, akwai 'yar kunama da ake ɗaurawa a wuyan hannu a ja tsirkiya da ita. Sai abu na ƙarshe. Bakanmu bai san dama ko hagu ba, duk hannun da ya ɗauka nasa ne. Wannan kuwa tun daga inda aka ƙera shi an yanke masa gefen da kibiya za ta kwanta.

Aikin da nake so ku ji da kyau na Buba ne. Buba abokina ne tun muna yara, Bafulatani, dogo, shi ke riƙe da kwarin gaba na maharban yankinmu. Al'adar ita ce, in an gama girbi maharba sukan taru a gindin wata kuka a bayan Sunkani, a rataye duma cike da ruwa a reshe, mai kwarin gaba ya harba kibiyar farko. In ya samu, shi zai ja farautar shekara. In ya kuskure, ko ya kasa jan baka, nan take zai cire kwarin ya rataya wa na bayansa, kuma ba zai ƙara shiga daji da su ba, sai dai ya zauna cikin dattawa masu rabon nama. Buba bai taɓa kuskure ba. Amma da daminar wata shekara mashin ya kayar da shi a santsi, kafaɗar dama ta goce. Maɗori ya mayar da ita, ta warke, yana ɗaukar buta, yana riƙe sanda, sai dai hannun ba ya komawa baya. Taro ya matso, bakan dargazan da ni na yi masa ko rabi bai iya ja.

'Yarsa Hajara tana sayar da kayan gwanjo a babbar kasuwa. Ita ce ta shigo rumfata da hantsi riƙe da dogayen jakunkuna biyu, Buba yana biye da ita fuska a ɗaure.

"Bappa Iliya, ga aiki na kawo maka," in ji ta. "Mai kawo mini kaya ne ya samo su a kwantena. Ya ce in zaɓi ɗaya, ɗayan ya koma masa ran Juma'a. Na ce ba mai zaɓa sai kai."

"Ni na ce mata ta bari," in ji Buba. "Mutum da girmansa ya shiga daji da keken ɗinki."

Na zuge jakar farko. Baƙi ne, babba, yana sheƙi, lafiya lau kamar ba a taɓa harba shi ba. Na zuge ta biyu. Wannan gajere ne, launin busasshen ganye, duk ya goge a wajen riƙo, gefen kibiyarsa kuma a juye yake. Kafin in gama dubawa labari ya kai majalisar maharba, ga Yakubu ya iso. Yakubu ɗan ƙabilar Mumuye ne, gajere kakkaura, shi ne na bayan Buba, wanda kwarin zai faɗa wa.

Buba ya ɗauki baƙin, ya sa yatsu a tsirkiya, ya karkata kunne. Na cafke masa hannu.

"Ba zan ji kukansa ba?"

"In ka ji kukansa, za ka ji na Hajara."

Na ɗauko musu karyayyen nan na Mayo Gwoi na nuna musu. Yakubu ya janye hannunsa da ya riga ya miƙa wa ɗayan.

"Baƙin nan shi ne baka," in ji Yakubu. "Wancan kam kamfani ya yi kuskure, ya sa hancinsa a baya. Hamma Buba, ɗauki baƙin. In ka kasa ma kar ka damu, na riga na wanke riga saboda kwarin."

"Rigar nan tun bara kake wanke ta," in ji Buba. "Za ta yage kwarin bai gan ta ba."

Muka zaga bayan rumfa, na jingina buhun yashi a katanga, na ɗaura masa kunama a hannun dama, na ɗana kibiya. Ya ja. Tsirkiya ta taho, ta taho, sai ta tsaya cik kafin tudun. Na sa alan-ki na sassauta kusoshin. Ya sake ja, ta ƙara matsowa. Na ƙara sassautawa har na kai inda in na wuce reshen zai tsinke ya fasa wa wani ido. Ya cije leɓe ya ja, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Abin da ya rage ya haye tudun bai fi faɗin yatsa biyu ba, amma kafaɗar ta ƙi. Na tallafa masa muka mayar da tsirkiya a hankali. Ya ajiye bakan, ya zauna a kan turmi.

"Mayar wa mai kayan da duka biyun," ya ce wa Hajara.

Hajara ta juya tana gyara mayafi.

Ana cikin haka sai akuyar maƙwabta ta kutso, ta kama bakin fatar gadar da na jiƙa a kwano. Buba bai ko miƙe ba. Ya tsinci ɗan dutse a gefen ƙafarsa ya wurga, ya same ta a tsakiyar ƙaho, ƙwas, ta saki fata ta zura a guje. Ni kuwa sai ga ni a tsaye.

"Buba, da wane hannu ka jefi akuyar nan?"

"Wace akuya?"

"Wadda ta fita tana salati."

Ya kalli hannunsa na hagu, ya cusa shi cikin aljihu.

To, ku yara ba ku san wannan ba. Muna ƙanana, in mun je bakin kogin Mayo Gwoi jifan mangwaro, Buba ne ke kaɗo wa kowa, kuma da hagu yake jifa. Bahago muke ce masa. Kakarsa ta ɗaure masa hannun da tsumma a ƙugu har ya koyi ci da gaisuwa da dama, da mahaifinsa ya ba shi baka kuma ya koya masa ja da dama kamar kowa. Tun daga nan duk wanda ya kira shi Bahago sai an raba su. Sunan ya mutu, har ni na manta. Amma na tuna yadda yake harbi duk shekarun nan, yana murɗe wuya kamar mai leƙen maƙwabta ta kan katanga. Idon hagu ne yake nema wa hanya.

Na ɗauko gajeren nan mai launin ganye.

"Yakubu, ba kuskuren kamfani ba ne. Don mutum irin Buba aka ƙera shi. Da dama ake riƙewa, da hagu ake ja."

"A'a," in ji Buba. "In tsaya gaban maharba in ja baka da hannun tsarki? In yi bisimilla in saki da hagu, sannan in raba wa mutane naman?"

"Baba, gwadawa kawai," in ji Hajara. "Ba kowa a nan sai mu."

"Ga Yakubu nan."

"Ni yau idona ba ya gani da kyau," in ji Yakubu, ya juya yana kallon katanga.

Na mayar da kunama hannun hagu. Buba ya miƙa dama gaba da bakan, kafaɗar kuwa ba ta ƙi miƙewa gaba ba, baya ne ba ta so. Ya ja da hagu. Ban taɓa ganin ja irin wannan ba, kamar hannun ya shekara hamsin yana jiran a kira shi. Tsirkiya ta haye tudun ba tare da ta tsaya ba, tayoyi suka juya, nauyin ya faɗi. Idanun Buba suka fito.

"Iliya, abin ya mutu ne?"

"Bai mutu ba, jiranka yake. Riƙe shi. Yi numfashi. Ga tsinken nan, sa shi a kan buhu. In ka shirya taɓa kunamar."

Ba mu ga tafiyar kibiyar ba. Sai dai muka ji tum, yashi yana zuba, ta ratsa gefen buhu ta nutse a katanga. Hajara ta rangaɗa guɗa a tsakiyar Barade da rana tsaka. Yakubu da ya ce ba ya gani, shi ya fara isa wajen buhun. Ni kuma na riƙe alan-ki ina zagaya bakan ina cewa a ƙara, a ƙara ɗaya.

Buba bai yarda ba sai da muka je wajen Modibbo, limamin unguwarmu, bayan la'asar. Ya zayyana masa komai kansa a sunkuye. Modibbo ya saurara yana jan carbi.

"Naman, da wane hannu za ka kai baki?"

"Da dama mana, Allah ya gafarta Malam."

"Gaisuwa fa?"

"Da dama."

"To abin da aka nema gare ka ke nan. Ka ambaci sunan Allah ka saki. Ni ban ga inda aka hana ba. Wanda ya yi daman ai shi ya yi hagun." Sannan ya ƙara da cewa, "In an samu gada, ina son cinya."

Ran Juma'a baƙin ya koma wa mai shi. Sauran kwanakin aiki ne zalla. Na daidaita tsawon ja da tsawon hannun Buba, don mai shi na farko gajere ne. Na shafe tsirkiya da kakin zuma, na sa wa boris mai, na riƙa matsar da tsinken saiti har kibiya ta bar gefen buhu ta koma ciki. Wurin ƙona suna babu a jikinsa, ba itace ba ne, sai na rubuta Buba da ajami a 'yar fata na ɗaure a wajen riƙo.

Ranar taro, da sanyin safe gindin kuka ya cika. Ganguna, ƙaho, karnuka. Da na fito da bakan daga jaka sai surutu ya tashi, wasu suna cewa wannan ba baka ba ne, keke ne. Babban dattijon masu rabon nama ya sa aka kawo masa kusa.

"Yana da tsirkiya?"

"Yana da ita," na ce.

"Kibiya yake harbawa ko harsashi?"

"Kibiya."

"Hannu ke ja?"

"Hannu."

"To baka ne."

Nan fa hannuwa suka miƙo ta ko'ina, kowa yana so ya ji kukansa. Yatsa ɗaya ya isa ya kashe mana komai. Sai ga Yakubu ya shiga tsakani, yana kaɗe hannuwan mutane ɗaya bayan ɗaya. "Ba a jin kukan wannan. Kai, cire hannunka. Wanda ya taɓa, ni da shi ne." Wannan fa shi ne mutumin da in bakan ya karye shi zai tafi gida da kwari.

Aka rataye duma. Buba ya fito ya tsaya, sai aka ga ya juya saɓanin yadda ya saba, bayansa yana wajen da fuskarsa take kallo kullum. Ganguna suka yi shiru. Ya yi bisimilla, ya ja da hagu, ya tsaya. Iska tana kaɗa duman, yana lilo. Buba yana riƙe. Mai bakan itace da tuni ya saki ko ya sauke. Aka fara raɗa cewa hannunsa ya maƙale. Shi kuwa numfashinsa kawai yake yi. Da iskar ta lafa, duma ya tsaya, ya taɓa kunama.

Duma bai motsa ba. Wani ya ce ya kuskure. Buba bai sauke hannu ba, yana kallo. Sai ga ruwa siriri ya tsirto ta gaba, wani ta baya, yana sheƙi a rana. Kibiya ta ratsa ta wuce, ta nutse a cikin kuka har kusan gindinta. Wurin ya kaure, ganguna, ƙaho, karnuka suna haushi ba su san dalili ba. Ni hulata ma sai daga baya aka tsinto mini.

Cikin hayaniyar, wani tsoho da muka yi jifan mangwaro tare ya ɗaga murya daga baya.

"Bahago!"

Waɗanda suka san sunan suka zuba wa Buba ido. Buba ya juyo a hankali, ya nemi mai muryar har ya gan shi.

"Na'am," in ji shi. Ya gyara kwarin a kafaɗa, ya nufi daji, maharba suka bi bayansa. Yakubu yana wuce ni ya ce, "Malam Iliya, ka nema mini sabulu mai kyau, baɗi ma zan wanke."

Kibiyar tana nan cikin kukar har yau, mun ja mun gaji. Modibbo ya sami cinyarsa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya ajiye wa bawansa hannu guda bai taɓa gajiyar da shi ba sai ranar bukata.

To kai mai waya, na ga baƙin da kake nuna mini, yana da kyau ƙwarai. Sa wayar a aljihu. Ga dutse, ga gwangwani can a kan katanga. Jefa in gani tukuna.